Turarena Ya Sa Ana Zargin Na Fara Shan Giya

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne ɗan shekara 36, shekarata 5 da aure. A watan Oktoban bara wurin aikinmu ya tura ni kwas na mako 3 a wata ƙasa ta Turai. A can na gwada wani turaren maza da ban taɓa jin irinsa ba: ƙamshin ƙasa mai danshi, da tsohon katako, da ganyen taba, sai wani zaƙi-zaƙi mai ɗumi a samansa. Mai sayarwar ta ce turaren kaka ne. Na saya duk da tsadarsa. Da na dawo sai na riƙa fesa shi kullum, sau 6 ko 7, saboda bayan ɗan lokaci ba na jin sa a jikina. Makon jiya wani abokin aikina ya ja ni gefe ya ce, "Don Allah gaya mini gaskiya, ka fara sha ne?" Ni kuwa ko ɗigo ban taɓa kai wa bakina ba. Matata ma tun ranar farko ta ce ba ta son sa, wai yana tuna mata da abin da ba ta son tunawa. Ban tambaye ta ba, na ɗauka ƙorafi ne kawai. Yanzu in na fesa sai ta bar mini ɗakin. Da na duba kwalin sai na ga an ce yana da ƙamshin ram da koniyak. Giya nake shafawa a jikina ke nan? In zubar da shi ne, ko in ci gaba da abuna tunda na san ban yi laifi ba?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin mu buɗe kwalbar, abokin aikin nan naka ka riƙe shi hannu bibbiyu. Ka tabbata ba shi kaɗai ya ji abin da ya ji ba. Sauran sun yi shiru a gabanka ne, shi kuwa ya zaɓi ya sha kunyar tambayarka a kan ya bar maganar tana yawo a bayan idonka. Gobe ka sa kwalbar a jaka, ka kai masa, ka fesa a takarda ka miƙa masa ya shinshina, ka kuma yi masa godiya. Shi da kansa zai wanke ka a wurin sauran fiye da yadda rantsuwarka za ta yi.

To, giya kake shafawa? Abubuwa biyu ne suka cakuɗe maka, kuma sai an raba su tambayar za ta amsu.

Ka juya bayan kwalin, inda aka jera kayan haɗi da ƙananan baƙaƙe. In turaren feshi ne irin wanda aka saba, abu na farko da za ka gani shi ne Alcohol ko Alcohol Denat. Wannan shi ne itanol, sinadarin da ke bugar da mai shan giya, kuma ba zan ɓoye maka ba, shi ne mafi yawan abin da ke cikin kwalbar, yakan kai kashi 70 zuwa 90 cikin 100. Man ƙamshin kansa kaɗan ne: wanda aka rubuta wa eau de toilette yakan ɗauki kashi 5 zuwa 15, eau de parfum kuma wajen 15 zuwa 20. Sai dai wannan bai keɓanta da turarenka ba. Turaren da kake fesawa kafin ka yi tafiyar, da wanda abokin aikinka ke fesawa, in dai na feshi ne, haka suke. Aikin itanol shi ne ya narkar da mayukan ƙamshin, ya ɗauke su zuwa fata, sannan ya tashi. Kalmar Denat ɗin nan kuwa tana nufin an lalata shi da gangan don kada ya shawu. Ɗaya daga cikin abin da ake zuba masa shi ne denatoniyum, wani sinadari da aka gano a Edinbara ta Sikotilan a 1958, wanda ɗacinsa ya fi na duk wani abu da aka sani. Ka fesa a bayan hannunka, ka ji sanyin nan da ke zuwa nan take: itanol ne ke barin fata. A digiri 78 yake tafasa, ƙasa da ruwa, saboda haka minti ɗaya ko biyu ya ishe shi ya gudu. Abin da abokin aikinka ya ji bayan ka yi tafiya daga gida har ofis wani abu ne daban.

Idan damuwarka ta haɗa da hukuncin addini, malamai sun daɗe da saɓani a kan itanol ɗin da ke cikin turare, wasu na ganin najasa ne, wasu na ganin ba haka ba ne. Ka kai wa malamin da ka yarda da shi tambayar a fayyace, ka ce masa itanol ne da aka lalata, ana samo shi daga rake ko masara ko gwoza, wani ma daga man fetur, kuma yana cikin kusan duk turaren feshi. In zuciyarka ta fi natsuwa da barinsa, akwai turaren mai zalla da babu shi a ciki. Kuma kada sunaye irin su Benzyl Alcohol da Cinnamyl Alcohol a jerin kayan haɗi su tsorata ka, sinadaran ƙamshi ne da suka yi tarayya da shi a suna, ba abin sha ba ne.

Abu na biyu shi ne ƙamshin giyar, kuma nan ne maganar take. Itanol tsantsa ba shi da wani ƙamshi na a zo a gani, ɗan yaji ne kawai a hanci. Abin da mutane ke ji su ce wiski ne ko koniyak, babban kasonsa ƙamshin ganga ne. Dokar Faransa ta ce koniyak sai ya kwana aƙalla shekara 2 a cikin gangar katakon ok, wani ƙaton itace na ƙasashen sanyi, wiskin Sikotilan kuma shekara 3. Kafin a zuba, sai an gasa cikin gangar da wuta. Zafin nan yana farfasa jikin katakon ya fitar da banilin, wato sinadarin da ke ba banila ƙamshinta, ya fitar da wani mai ƙamshin kwakwa, da wani mai ƙamshin kanumfari, ya kuma ƙona sukarin katakon ya bar ɗan ƙauri mai zaƙi. A kan wannan sai a ƙara ƙamshin 'ya'yan itace da suka nuna suka wuce, wanda tsimuwar inabi ko ruwan rake ke haifarwa. Mai haɗa turare ya san duk wannan, don haka ba ya buƙatar ya tsiyaya giya a kwalba. Zai ɗauko banila, ya ɗauko ƙwayar tonka ta Kudancin Amurka mai ƙamshin busasshiyar ciyawa da zaƙi, ya sa kirfa, ya sa man dabana, wani ganye da ake nomawa a kudancin Indiya mai ƙamshin zabibi da aka jiƙa, ya ɗiga sinadaran da ke ba ram, wato giyar rake, ƙamshinta. Da ya gama, hanci ya ce giya. Wasu gidajen turaren sukan ƙara da abin da ake kira man koniyak, wanda ake tatsowa da tururi daga gurɓin da ke kwanciya a ƙasan gangar inabi. Ɗan kaɗan ake sawa, ba ya bugarwa, amma asalinsa daga can ne, kuma ya kamata ka sani in za ka yi tambaya a kai.

Saboda haka hancin abokin aikinka bai yi ƙarya ba. Sinadaran da ya ji a wuyan rigarka, da yawansu su ne ainihin waɗanda ke tashi daga kofin mai sha. Masu yin irin wannan turaren ma ba sa ɓoyewa, abin da suke nema ke nan. Jazz Club na Maison Margiela, wanda ya fito a 2013, an gina shi ne a kan ram da ganyen taba don ya tuna wa mutum da gidan kiɗa da daddare. Angels' Share na Kilian, na 2020, wanda ya kafa gidan turaren jikan dangin Hennessy ne masu sana'ar koniyak, sunan turaren ma daga bakin masu tsaron ganguna ya fito, haka suke kiran kashi 2 zuwa 3 cikin 100 da ke tsere wa ganga ya bi iska kowace shekara. Wanda ya sayi irin wannan a inda ƙamshin ke nufin hira a ɗaki mai ɗumi da daren sanyi, ya dace da abinsa. Wanda ya shigo da shi ofis ƙarfe 8 na safe a cikin mutanen da ba su san akwai irin wannan turare ba, ya ba su abin da za su fassara, kuma fassara ɗaya ce a kusa.

Ina zaton ba ma wannan ɓangaren ne ya kama zuciyarka ba. Ka lura da yadda ka jera bayaninka: ƙasa mai danshi ka fara ambata, sannan katako, sannan taba, zaƙin ya zo a ƙarshe. Wannan ƙamshin ƙasar yawanci daga abu biyu yake fitowa. Na farko faculi, wani ganye ɗan dangin na'ana'a da Indunusiya ta fi kowa nomawa. Ɗanyensa ba ya cewa komai, sai an shanya shi an bar shi ya ɗan kwana sannan a turara shi, ya ba da mai mai duhu da kauri, mai ƙamshin ɗakin da ya daɗe a rufe bayan damina, wanda kuma ke ƙara kyau in ya tsufa. Na biyu betiba, 'yar'uwar ciyawar jema, wadda Haiti ke kan gaba wajen fitar da manta. Ba ganyenta ake so ba, saiwarta ake tonowa a wanke a shanya, shi ya sa ƙamshinta ke zuwa da ƙasa da ɗan hayaƙi da ɗaci mai tsabta. Wasu sukan ƙara da jiyosmin, sinadarin da wasu ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa ke saki, wanda shi ne kake ji in ruwan farko ya taɓa busasshiyar ƙasa. Hancin ɗan Adam yana kama shi ko da bai kai kashi 10 cikin tiriliyan 1 ba. Ni dai duk lokacin da na tuna wannan sai abin ya burge ni: hancin da ke wuce abubuwa da yawa bai ji ba, amma an yi shi da jin ƙamshin ruwa a kan ƙasa har haka. Babu wanda zai ji waɗannan a jikinka ya zarge ka da komai. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mai sayarwar da ta ce maka turaren kaka ne, gargaɗi ta yi maka ba ka gane ba. Kakar da take nufi ita ce ta ƙasarsu, daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da ganye ke zubowa ya ruɓe a kan hanya, iska ta yi sanyi ta sauko wajen digiri 10, kowa ya sa riga a kan riga. A irin wannan yanayin turare mai nauyi yana fita ne a hankali, kamar ana buɗe masa ƙofa kaɗan-kaɗan, sai wanda ya matso kusa zai ji. Zafi kuwa buɗe ƙofar yake yi gaba ɗaya. Abin da aka tsara ya fita cikin awa 8 sai ya taso a tare, zaƙin ya yi kauri, ya haɗu da gumi ya yi tsami-tsami. Zaƙi da tsami a jikin mutum kuwa, ka san abin da suke kama da shi. Ba ka faɗi yanayin inda kake zaune ba, amma ko da sanyi ake, ɗaki a rufe da mota a rufe da jikin da ya yi sauri ya hau bene duk zafi ne a wurin turare. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Sai feshi 6 ko 7. Ɗan'uwa, wannan ya yi yawa ƙwarai, ko da turaren lemo ne mara nauyi, balle wannan. Turaren bai gudu daga jikinka ba, hancinka ne ya daina kawo maka labarinsa. Muna da nau'in masu karɓar ƙamshi kusan 400 a can saman hanci, binciken da Linda Buck da Richard Axel suka fitar a 1991 wanda ya ba su kyautar Nobel a 2004, kuma ɗabi'arsu ita ce su yi shiru a kan duk ƙamshin da ya zauna bai canza ba, don su bar wuri ga sabo. Shi ya sa ba ka jin ƙamshin gidanka sai ka dawo daga tafiya. Turaren da ke ƙarƙashin haɓarka cikin 'yan mintoci hanci ke sabawa da shi, in kuma kullum shi ne, sabawar tana ƙara zurfi. Kai kana ƙara feshi don ka ji, waɗanda ke kusa da kai suna ɗaukar duka bakwai ɗin da sabon hanci.

Wannan ni ma na koye shi ne ta hanya mai ciwo. Shekarun baya ina da wani turare mai nauyi da nake so, na fesa shi yadda ka saba fesa naka, na ɗauki iyalina a mota, gilasai a rufe. 'Yata ƙarama tana baya. Ta madubi na ga ta cusa hancinta cikin gwiwar hannunta, idonta ya yi ja-ja, na ɗauka barci take ji. Ba ta ce uffan ba har muka isa, tana sauka ta durƙusa a gefen hanya ta yi amai. Da mahaifiyarta ta tambaye ta me ya sa ba ta yi magana ba, sai ta ce ta ga Baba yana son turarensa. Ni kuwa duk tsawon tafiyar ban ji komai ba. Har yau in na ɗaga kwalba sai fuskar yarinyar nan ta cikin madubi ta dawo mini.

Game da wurin aiki shawarata a taƙaice take: ka cire shi daga can gaba ɗaya. Na san akwai dabaru, a fesa sau ɗaya a ƙirji a ƙarƙashin riga, a jira minti 30 ko 40 kafin a fita, domin wasu daga cikin sinadaran da ke ba da ƙamshin giyar suna cikin marasa nauyi masu tashi da wuri. Dabarun suna aiki. Amma an riga an yi maka tambayar da ba a yi wa mutum sau biyu, kuma sunan mutum a wurin neman abincinsa ya fi kwalba tsada. Ka kuma kai rigunan da ka saba fesawa wanki, musamman masu kauri, saboda tufa tana riƙe turare kwanaki, tana kuma riƙe ɓangaren saman da fata ke saki da wuri. Rigar da ka fesa ranar Litinin za ta iya ci gaba da ba da shaida a kanka ranar Alhamis.

Yanzu ga inda wasiƙarka ta fi damuna. Ka rubuta dogon bayani a kan abokin aiki da kwali, matarka kuwa layi biyu ka ba ta, alhali a cikin layi biyun nan akwai magana mafi nauyi a duk wasiƙar. Ta ce yana tuna mata da abin da ba ta son tunawa, kai kuma ba ka tambaye ta ba. Watanni ke nan tana tashi tana bar maka ɗaki. Ruwa ba ya tsami banza. Mace ba ta barin ɗakinta saboda kawai turaren miji bai yi mata daɗi ba. In rashin daɗi ne za ta yi tsaki, ta yi tsokana, ta sayo maka wani ta ajiye a gaban madubi. Wadda ta tashi ta fita shiru, wani abu ne ke korar ta.

Ƙamshi yana da gajeriyar hanya zuwa ƙwaƙwalwa. Abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji sai sun biya ta wata tasha a tsakiyar ƙwaƙwalwa kafin a rarraba su, saƙon hanci kuwa yana isa kai tsaye kusa da sassan da ke kula da tsoro da ajiyar abin da ya wuce. Shi ya sa ƙamshi ɗaya ke iya mayar da babban mutum ɗan shekara 7 kafin ya ankara. Kai shaida ne a kan haka, domin abin da kake nema a kwalbar nan ina jin ba faculi ba ne kawai. Kana neman safiyar nan ta Oktoba, kana tafe a ƙasar da ba ka taɓa zuwa ba, ganye a ƙarƙashin takalminka, wurin aikinka ya zaɓe ka ya tura ka, kana jin ka zama wani. Wannan halal ɗinka ne, kuma na fahimce shi. Amma ƙofar da ta kai ka can, ita ce ta kai ta wani wuri daban. Wataƙila akwai wani a gidan da ta tashi wanda ke shigowa da dare da irin wannan warin, ita tana yarinya tana jin abin da ke biyo baya. Wataƙila wani mutum ne da ya taɓa tsorata ta. Wataƙila kuma ba giyar ba ce sam, ƙamshin danshin ne ke tuna mata da ɗakin jinyar wani nata da ta rasa. Yana iya zama ma na jiki ne, domin turare mai nauyi yana tayar wa wasu da ciwon ɓarin kai, mai ƙaramin ciki kuma hancinta yakan ƙi abin da da ba ta damu da shi ba. Ita kaɗai ke da amsar, kuma ta riga ta buɗe maka bakin zaren tun ranar farko.

Ka ce ka san ba ka yi laifi ba. A kan sha, gaskiya ne, ba ka yi ba. A kan barin matarka tana fita daga ɗakinta watanni ba ka ce mata me ya faru ba, a nan akwai abin ba da haƙuri. Turare ba kamar agogo ba ne da za a ce wanda bai so ya kau da kai. Mutum zai iya rufe ido, ba zai iya daina numfashi ba, kuma wadda ke kwana a gefenka ta fi ka shaƙar abin da ka fesa, tunda kai hancinka ya riga ya yi shiru.

Ka zaɓi ranar da ba ka fesa ba, ka yi wanka, ka sa rigar da turaren bai taɓa ba. Kada ka zo da kwalbar, kada ka zo da bayanin ganga da banila da na yi maka, wannan naka ne, in ka kawo shi a nan zai zama kamar kana kare kanka. Ka ce mata wani abu kamar haka: "Ranar nan kin ce turaren nan yana tuna miki da wani abu, ban tsaya na saurare ki ba. Ki yi haƙuri. In kina son gaya mini, ina ji. In ba kya so, ba sai kin faɗa ba, na riga na ajiye shi." Kuma ya zama ka ajiye ɗin da gaske kafin ka faɗa. In ta yi shiru, ka bar ta da shirunta. In ta fara magana, kada ka katse ta da cewa ai wannan turare ne kawai. Ta san turare ne.

Bayan wannan, ba a ranar ba, kuma sai in ta yarda, akwai ɗan gwaji da zai iya dawo maka da rabin abin da kake so. Ka fesa turaren sau ɗaya a kan 'yar takarda mai kauri da safe, a waje, ka ajiye ta inda iska ke ratsawa. Bayan awa 6 ko 7 zaƙin giyar zai ragu sosai, abin da zai fi saura shi ne katako da ƙasa da ɗan banila. Ka miƙa mata ta ji daga nesa. In ta ce wannan babu laifi, to ka san saman turaren ne matsalar, kuma akwai turarukan ƙasa da yawa da babu ruwansu da ganga. Terre d'Hermès, wanda Jean-Claude Ellena ya haɗa a 2006, ƙasa ce busasshiya da ɓawon lemo da betiba, yana kuma jure zafi. Encre Noire na Lalique, shi ma na 2006, betiba ce mai duhu da danshi, ya fi kusa da dajin da kake tunawa. A garin Kannauj na Indiya ma har yau ana gasa yumɓu a turara shi a kama ƙamshinsa cikin man sandal, turaren ƙasa zalla ba tare da itanol ba. Duk wanda za ka gwada, ka nemi ɗan samfur tukuna, ka sa shi yini guda a fatarka, kuma ku je zaɓen tare, hancinta ya yanke hukunci. In kuwa takardar ma ta kau da kai daga gare ta, to har ƙasar ce ba ta so, sai ka nemi wani gefen daban.

Kwalbar kuma kada ka zubar. In kana da ɗan'uwa ko aboki da ke zaune a ƙasar sanyi wanda irin wannan ƙamshin ba zai jawo masa magana ba, kyauta ce mai kyau, ka dai gaya masa abin da ke ciki. In ba ka iya rabuwa da ita, ka mayar da ita cikin kwalinta, ka sa a wuri mai duhu da sanyi, nesa da taga da banɗaki da aljihun mota, kuma ba a ɗakin kwananku ba. A haka za ta yi shekaru ba ta lalace ba. Ranar da kewar tafiyar nan ta taso maka, ka fesa sau ɗaya a hankici, ka shaƙa kai kaɗai a inda babu wanda zai shaƙa tare da kai, ka ninke shi ka sa a leda ka ɗaure, ka wanke hannunka kafin ka shiga gida.

Ka rubuto mini bayan kun yi maganar. Abin da ta gaya maka amana ce, ba shi nake tambaya ba. Ina son in ji ko ta daina barin ɗakin.